Rigar da Ba Ta Sha Gumi Ba

Duk ranar Asabar da ƙarfe uku Hernán Quaglia yakan rataya jakar ƙwallonsa ya ce wa matarsa Silvina ya tafi fili. Mako tara ke nan yana haka, kuma a makonnin nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba ko sau ɗaya.

Inda yake zuwa wani ɗaki ne a saman bene, bayan wani ƙaramin asibitin unguwa a kudancin Rosario, tafiyar minti arba'in a bas. Da gangan ya zaɓi mai nisan. Kujerun roba ne takwas a zagaye, da maza bakwai waɗanda kowannensu ya rusa gidansa ko yana gab da rusawa saboda abu guda, sun kasa riƙe kansu a kan mata. Kujera ta takwas ta Tessio ce, masanin halayyar ɗan Adam, siririn dattijo mai magana ƙasa-ƙasa, wanda suke kira Likita duk da ya sha gaya musu shi ba likita ba ne.

Hernán mai gyaran firji ne, gida-gida yake bi. A watan Afrilu Silvina ta buɗe akwatin kayan aikinsa tana neman filaya, sai ta ci karo da waya ta biyu. Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a kicin ta karanta saƙonnin tun daga farko, na shekara huɗu, na mata da shi kansa ba zai iya tuna fuskokin wasunsu ba. Da ya dawo ta ajiye masa wayar a kan tebur.

"Wataƙila in iya zama da abin da ka yi," ta ce. "Ban sani ba tukuna. Amma ba zan zauna da ƙarya ko ɗaya a kansa ba. Ranar da na sake kama ka da ƙarya, ko a kan gishirin miya ce, garin Casilda zan tafi wurin yayata."

Ya yi rantsuwa, kuma har zuciyarsa ya yi ta. Bayan mako uku, da ya ga hannunsa na neman wata wayar kamar yadda mashayi ke lalube aljihu, ya kira lambar da ya gani a manne a bangon asibiti. Sai dai Asabar ta farko, da Silvina ta tambaye shi ina za shi, bakinsa ya riga shi. Ƙwallo, ya ce. Zai iya tsayawa gabanta a matsayin mai neman mata, garin cike yake da su, har dariya ake musu a wurin gashin nama. Abin da ya kasa shi ne ta san yana zama cikin da'irar ƙatti yana cewa ya kasa.

Don haka duk in an tashi sai ya shiga banɗakin ƙasa ya jiƙa rigar a famfo, ya matse, ya cusa a jaka. Takalman kuwa ya goga su a ƙasar gindin bishiyar da ke bakin titi, yana waige-waige.

Wannan Asabar ɗin Silvina na tsaye bakin ƙofar kicin lokacin da ya ɗauki jakar.

"Yau ma?"

"Yau ma. Kin san yaran, in ban je ba babu mai tsaron baya."

Ta dube shi, ta dubi jakar. "To," ta ce, ta koma ciki.

Sai da ya shiga bas ya fara jin wani abu ba daidai ba. Su uku ne kawai a ciki. Shaguna a rufe tun da rana, tutoci sun cika barandu, nan shuɗi da rawaya, can ja da baƙi. Direba ya ƙure rediyo. Da Hernán ya kasa kunne sai ya gane kuskurensa. Wasan manyan ƙungiyoyin garin biyu, wanda ya ɗauka gobe ne, yau za a yi shi da ƙarfe huɗu. Tun da Tessio ya sa shi ya koma ƙaramar waya mai madannai, ya kuma rage zaman talabijin, labarin duniya ya daina iso shi sai a makare. A ranar wannan wasan babu namiji a Rosario da zai tafi buga ƙwallon unguwa. Filayen ma rufe su ake yi. Jaririn goye ya san haka, balle Silvina da ta tashi cikin 'yan'uwa maza huɗu.

Kafin ya sauka ya riga ya shirya ƙarya uku, kowacce da ƙafafunta.

Mutum huɗu ne kawai suka zo, ban da Tessio. Suka zuba wayoyinsu a kwandon bakin ƙofa kamar kullum. Cacho, mahauci ɗan shekara sittin da ɗaya mai tumbi kamar buhu, ya sa rigar shuɗi da rawaya a ƙarƙashin rigar sanyi, ya bar zif ɗin a buɗe don kowa ya gani. Shi ke haɗa mate kullum, shayin ganyen da suke sha a ƙoƙo ɗaya, flas a hammata, yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon yana miƙa wa mutum ɗaya bayan ɗaya.

"Likita, Allah zai tambaye ka," in ji shi. "Shekara arba'in ban taɓa rasa wasan nan ba. Ranar da aka yi wa uwata tiyata ma da rediyo na shiga asibiti."

"Ƙofa a buɗe take, Cacho."

"Ai shi ne muguntar taka. Da kulle ta ka yi da na sami abin faɗa."

Ulises, ma'aikacin banki mai shekara talatin da 'yan kai, ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna safa ja da baƙi. "Taimakonka ya yi, tsoho. Zuciyarka ba za ta ɗauki abin da za mu yi muku ba."

"Kai rufe mana baki, mai tsamin baki. Karɓi, sha, ko Allah zai sa ka yi hankali."

Ulises ya zuƙe ƙoƙon ya mayar, sannan dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce kwana goma sha ɗaya ya yi lafiya lau, ran Alhamis ya koma. A banɗakin ofis, da wayar aiki, minti hamsin, har shugabarsa ta aiko a duba ko ciwon ciki ne. Da ya koma gida budurwarsa ta dafa masa taliya, ya kasa ci, ya tayar da faɗa a kan tawul don kawai kada ta matso kusa da shi. Yana magana yana kallon takalmansa. Tessio ya tambaye shi me ya faru da safiyar Alhamis ɗin kafin ya shiga banɗakin. Ulises ya ce mahaifinsa ne ya kira.

Can sai unguwar ta ɗauki ihu gaba ɗaya, karnuka suka kama haushi, wani ya buga tukunya a baranda. Cacho ya miƙe tsaye da flas ɗinsa.

"Namu ne! Na san muryar mutanena!"

"Unguwar nan tamu ce, tsoho. Zauna."

"Likita, minti ɗaya, in leƙa taga kawai."

"Zauna, Cacho. Hernán ne bai ce komai ba yau."

Ƙoƙon ya iso hannun Hernán. Ya riƙe shi da hannu biyu yana jin ɗuminsa, bai sha ba. Jakar na tsakanin ƙafafunsa.

"Kai, mai firji," Cacho ya ce, "ba makirufo ba ne. Sha ka miƙo, akwai mutane a layi."

Ya zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara, ya mayar. Sannan ya ce, "Matata ta ɗauka ƙwallo nake zuwa."

"Yaushe?"

"Duk Asabar. Yau ma haka na ce mata."

Cacho ya fashe da dariya har ruwan flas ya zubo masa a cinya. "Yau? Yau ka ce mata ƙwallo? Da wa, da limamin coci? Shi ma yana gaban talabijin!" Ulises ya rufe fuska yana girgiza. Har Ramón, tsohon direban tirela wanda bai cika buɗe baki ba, ya yi murmushi. Hernán ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya zuge jakar ya fito da rigar, ya gaya musu zancen famfo da gindin bishiya, don ya ga gara su gama dariyar a lokaci guda. Amma da ya kai ƙarshe babu mai dariya.

"A hanya ka shirya abin da za ka ce mata?" Tessio ya tambaya.

"Guda uku."

"Wacce ta fi kyau?"

"Cewa mun je mun tarar an rufe filin, muka wuce gidan ɗaya daga cikin yaran muka kalli wasa."

"Ka ce gidana ne," Ulises ya yi caraf. "In ta kira ni zan ce tare muke, har in ce kai ka kawo giya." Tessio ya juya ya dube shi. Ulises ya sunkuyar da kai. "To. Na ji kaina. Yi haƙuri."

"Ƙaryar za ta shiga, Hernán," in ji Tessio. "Ka iya, shekara huɗu kana yi. Abin da nake so in sani, me kake tsoron ta gani in ta san nan kake zuwa?"

"Ta riga ta san mafi muni. Ta karanta komai."

"To me ya rage?"

Hernán ya murɗa rigar a hannunsa. "Babana ya yi mata a kowace unguwa. Kowa ya sani, har mamata. Ranar jana'izarsa maza na ba da labarinsa suna dariya, suna cewa namiji ya tafi. Bai taɓa zama a kujerar roba ya ce a taimake shi ba." Ya ajiye rigar a cinya. "In ta ɗauka ni ɗan iska ne, aƙalla ta ɗauka ni na zaɓa. In ta san nan nake zuwa, ta san ba na iya tsayar da kaina. Kamar yaro mai fitsarin kwance. Ta yaya za ta sake kallona?"

Cacho ya zuba ruwa a ƙoƙon, bai miƙa wa kowa ba. "Tawa shekara talatin da biyu ta yi tana haƙuri," ya ce. "Ranar da ta tafi ba a kan mace ba ne. Ce mata na yi na je sayo gawayi, alhali bakin kogi na je na zauna ni kaɗai, ban yi komai ba, wallahi ban yi komai ba. Ta ga na dawo babu gawayi. Ta ce, Cacho, kai ko gaskiya ba ta da laifi sai ka ɓoye ta. Yanzu ni ke wanke wa kaina safa." Ya shanye maten da kansa. "Ka gaya mata, ɗan'uwa. Amma in ka ambaci sunana, a injin niƙa nama za ka kwana."

"Wannan dokar tana nan," in ji Tessio. "Labarinka naka ne, ka ba wanda ka ga dama. Sunayen mutanen ɗakin nan ba naka ba ne. Sauran kuma ba zan ce maka yi ko bari ba."

Da aka tashi kowa ya yi wawar wayarsa. Cacho ya duba ya dafe kai, Ulises ya rungume shi ta baya yana tsalle. Hernán ya sauka ƙasa. Ya tsaya bakin banɗakin, ya ji famfon na ɗiga. Ya daɗe a nan kafin ya wuce.

Magariba ta kawo kai lokacin da ya isa gida, sanyi na ratsa rigarsa. Ƙaramin akwatin tafiya na tsaye a bayan ƙofa. Silvina na zaune a kicin cikin kwat ɗinta, jakar hannu a cinya.

"Nawa kuka ci?" ta ce.

Ƙarya ta farko ta taso masa har maƙogwaro, a shirye, sumul. Ya ajiye jakar a kan tebur ya zuge ta.

"Ban je ƙwallo ba, Silvi. Ban taɓa zuwa ba."

"Na sani. Tun mako na uku." Muryarta ba ta rawa. "Matar abokinka Beto kullum ƙorafi take yi, in ya dawo daga fili baƙaƙen ƙwayoyin robar nan na cikin ciyawar roba sun cika safa, sun cika kafet. Kai naka takalman jar ƙasa suke kwasowa. Rigarka kuma warin famfo take yi. Shekara goma sha tara ina wanke guminka, ka ɗauka ban san warinsa ba?" Ta gyara riƙon jakarta. "Na yi ta jira ko za ka faɗa da kanka. Wace ce?"

"Ba mace ba ce."

"Hernán."

"Maza ne." Ya ga yadda idonta ya canza, ya yi sauri. "Ba haka ba. Taro ne. Na masu... na maza irina. Akwai masani da ke zama da mu. Mukan zauna mu yi magana a kan abin da muke yi, da yadda za mu daina." Bai iya ɗaga kai ba, teburin yake yi wa magana. "Na yi ƙoƙarin dainawa ni kaɗai, na kasa. Mako uku kawai na iya. Ban sake taɓa kowa ba tun Afrilu, wannan gaskiya ne, amma ba don ina da ƙarfi ba ne. Don ina zuwa can ne."

Firjinsu, wanda ya daɗe yana cewa zai duba, na ta ƙara.

"Magani kake zuwa nema," ta ce a hankali, "shi ne ka ɓoye mini."

"Eh."

"Ni kuma ina nan duk Asabar, daga uku zuwa shida, ina zana fuskarta a raina. Doguwa ce, gajera ce, ta girme ni, na girme ta. Mako shida ina haka." Ta miƙe, ta sake zama. "Kai wane irin sakarai ne? Abu ɗaya tak da ka yi daidai a shekara huɗu, shi ka ga ya dace ka lulluɓe da ƙarya?"

"Kunya nake ji."

"Kunya. Wayar ba ta ba ka kunya ba?"

"Ta ba ni. Wannan ya fi."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, kuma wannan kallon ne ya yi mako tara yana gudu. Ya tsaya a cikinsa, hannayensa a gefe, bai san inda zai sa su ba.

"Ku nawa ne?"

"Bakwai, in kowa ya zo."

"Sun san sunana?"

"Sun sani."

Jini ya hau mata fuska. "Ƙatti bakwai sun san abin da ke cikin ɗakina, ni ban san ko suna raye ba. Su wane ne? Akwai wanda na sani? Akwai ɗan unguwar nan?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ka iya ba."

"Doka ce. Sunayensu ba nawa ba ne." Ya ji yadda maganar ta fita, daidai da irin waɗanda ya saba yi mata, sai gumi ya karyo masa duk da sanyin. Ya yago gefen kwalin shayi ya rubuta sunan titin, da lambar ginin, da sunan Tessio da wayarsa. Lamba bakwai da ya rubuta ta yi kama da ɗaya, ya sake rubutawa. "Wannan nawa ne, zan iya ba ki. Ki kira shi. Ba zai gaya miki abin da na faɗa ba, amma in na ba shi izini zai ce miki ina zuwa."

Ta karanta, ta ninke, ta riƙe a hannu.

"Na ce maka ƙarya ɗaya," ta ce. "Ka yi tara."

"Na sani."

"Na riga na gaya wa yayata Norma ina zuwa. Ta gyara gado. Ba zan kira ta in ce mata mijina ya fasa zama maƙaryaci da ƙarfe shida da kwata ba." Ta miƙe ta ɗaura gyalenta. "Zan tafi. Ina bukatar in kwana inda ba na sansanar rigar kowa."

Bai roƙe ta ba. Ya ɗauki akwatin, suka fito tare. Titi ya cika da motoci suna hon, samari sun leƙo ta taga da tutoci ja da baƙi, wani ya daki kafaɗar Hernán ya ce ya saki fuska mana, an ci. Suka tsaya a tashar bas, ita a gaba, shi a baya da akwatin, kamar ɗan dako.

Da bas ɗin ta ɓullo daga kwana Silvina ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Ƙarfe nawa kuke shiga?"

"Huɗu."

"Ran Asabar huɗu saura kwata zan tsaya a tsallaken titin. Ba zan shiga ba, ba na son ganin fuskar kowa. Ina so in ga ƙofar, in ga ka hau benen da idona. In na gani, sai mu yi magana." Ta karɓi akwatin daga hannunsa. "Kuma ka zo sanye da kayanka na gida. In na ga jakar nan, ba zan ma sauka daga bas ba."

"Zan zo."

"Kada ka rantse. Ka zo kawai."

Ta hau, ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon tasha. Hernán ya tsaya har bas ɗin ta shige cikin motocin masu murna, sannan ya juya gida a ƙafa, kansa a ƙasa, yana tunanin yadda zai tsallaka wancan titin ran Asabar tana kallonsa.